Filin Tambaya da Amsa: Manhajar Kimiyya, Daga Takarda Zuwa Aji

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan karantar da kimiyya, akasarinsu daga cikin garin Kaduna. Mun miƙa su ga malaman da suka daɗe suna horar da malaman kimiyya da kuma aikin manhaja. Kamar kullum, mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, aji bakwai muka yi a zamaninmu. Yanzu jikoki uku ne a hannuna. Littafin kimiyyar da na saya wa babbansu, da ƙanensa ya shiga ajin sai aka ce an canza manhaja, sai dai a sayi sabo. Wai wa ke canza ta, kuma me ake nema da har yau ba a samu ba? (Wani dattijo, Unguwar Sanusi)

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hukumar NERDC ce ke rubuta manhajar firamare da sakandare. An kafa ta a 1988, hedikwatarta tana Sheda kusa da Abuja. Amma ba ita ke yanke hukunci ba. In ta gama, sai an kai gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda ministan ilimi da kwamishinonin jihohi ke zama, su sa hannu.

Asalin maganar daga babban taron manhaja ne da aka yi a Legas a 1969. Kukan da aka yi a lokacin shi ne, karatun da Turawa suka bari na fitar da akawu ne, ba ya fitar da mai aikin hannu ko mai bincike. Daga taron aka samu Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, ita kuma ta haifi tsarin 6-3-3-4 (shekara shida firamare, uku ƙaramar sakandare, uku babba, huɗu jami’a) da aka fara aiki da shi a 1982. A ƙaramar sakandare aka haɗe bayoloji da kemistiri da fiziks suka zama darasi guda, a kan littattafan da ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN ta riga ta shirya tun farkon shekarun 1970. Aka kuma shigo da darasin gabatar da fasaha, har gwamnati ta yi odar injinan kafinta da na ƙira daga Gabashin Turai. A nan aka yi tuya aka manta da albasa: makarantu da yawa ba su da wuta, ba ɗakin da za a girke injinan, ba malamin da ya san su. Da yawa a akwatunansu suka yi tsatsa.

Bayan shirin UBE, wato ilimin tushe ga kowa, na 1999 da dokarsa ta 2004, aka fito da manhajar shekara tara ta ilimin tushe, aka fara ta a 2008. Darussa suka yi yawa, yaro na ɗaukar jaka kamar ɗan dako. Sai aka sake gyara, daga 2014 aka cusa kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki a ƙarƙashin suna guda. A takarda darussa sun ragu. A aji kuwa malamai huɗu ne dai, littattafai huɗu, jarrabawa ce kawai ta zama ɗaya. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da rage yawan darussa.

Abin da ake nema, Baba, bai canza ba tun 1969: yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya auna, ya yi tambaya. Kowace manhaja tana rubuta haka. Abin da ke kawo shi aji kuwa malami ne da ya iya, da kayan aiki, da lokaci, su kuma sun fi takarda tsada.

Game da littafin, kada ku yi saurin jefar da shi. Na farko, sabuwar manhaja ba ta faɗa wa duk azuzuwa rana ɗaya. Daga ajin farko na kowane mataki ake fara ta, ta riƙa hawa da yaran shekara-shekara, don haka yaron da ya riga ya shiga aji biyu na ƙaramar sakandare yawanci da tsohuwar zai ƙarasa. Na biyu, ku nemi makaranta ta ba ku jerin darussan zangon, mako-mako, ku ɗora shi a kan shafin abin da ke ciki na tsohon littafin. In takwas cikin goma suna nan, littafin yana da sauran aiki. Ragowar biyun a yi hoton shafukansu daga na wani ɗan ajin. Sau da yawa jeri da sunan darasi ne suka sauya, zuciya dai ɗakuna huɗu gare ta a tsohon bugu da sabo. Wanda ba ya gaduwa shi ne littafin aiki da ake rubutu a cikinsa.

TAMBAYA: Ina koyar da kemistiri a aji uku na babbar sakandare, ɗalibai 60. Na haɗa asid da soda don taitireshan, wato gwajin auna yawan asid ɗin da zai kashe ƙarfin soda, lissafina ya nuna mililita 25 ya kamata a samu. Sai ga wani da 18, wani 24, wani har 31. Ina kuskuren yake? (Wani malami, Rigasa)

AMSA: Malam, kuskure iri biyu ne a wannan aiki, kuma alamarsu daban. Akwai na jarka, akwai na hannu. In ruwan da ka haɗa ne bai yi daidai ba, duk ajin zai kauce tare, kowa ya samu wajen 22 ko kowa wajen 28. In kuwa sakamako ya warwatse kamar naka, to hannun ɗalibai ne, sai dai in ruwan ba a jarka ɗaya ka haɗa shi ba, ko ba ka girgiza ta sosai ba.

Mu fara da jarka. Asid ɗin HCl mai ƙarfi, wanda aka rubuta kashi 36 cikin ɗari a kwalbarsa, mililita 8.6 a lita guda yana ba da kusan mola 0.1 (mola ma’aunin kaurin sinadari ne a ruwa). Soda marar ruwa, wato sodiyam kabonet fari mai kamar gari, giram 5.3 a lita guda yana ba da mola 0.05. Mililita 25 na wannan soda zai cinye kusan mililita 25 na wancan asid. In ɗalibanka 60 za su yi aiki bibbiyu, ka ƙiyasta wa kowane rukuni mililita 150 na kowanne, har da na ɗauraya. Wato ka haɗa lita biyar-biyar: asid mililita 43, soda giram 26.5. A jarka guda, lokaci guda, ka rufe ka juya ta sama da ƙasa kamar sau ashirin. Ka fara zuba ruwa, sannan ka tsiyaya asid a kai sannu a hankali. Ba a zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi.

Ka duba sodar da kyau. Akwai mai ƙyalli kamar ƙanƙara, wadda fiye da rabin nauyinta ruwa ne. Ita giram 14.3 ake aunawa a lita. Wanda ya auna mata 5.3 zai ga launi ya juya tun a wajen mililita 9, ya ɗauka asid ɗinsa ne ya yi ƙarfi. Ga wata matsalar ta garinmu: da hunturu mai ƙyallin tana bushewa ta zama gari in an bar kwalba a buɗe, da damina kuma marar ruwan ke shan laima. Kafin ka auna marar ruwan, ka ɗan gasa ta a tasa, ka rufe ta huce. Tsohon asid da murfinsa ba ya kamawa ya riga ya sheƙe, sakamako zai haura 25. Ruwan burtsatse ko na leda yakan ɗan karkatar da sakamako, amma kowa tare. Don atisaye ba laifi, don jarrabawa a nemi na distil, wato tsantsar ruwa marar gishiri-gishiri. In wurin masu cajin batir za ka saya, ka bambance da baki, don “ruwan batir” iri biyu ne, ɗaya asid ne.

Sai manuni, wato sinadarin da ke sauya launi in asid ya ishi soda. Da soda, metil oranj ake amfani da shi, ɗigo biyu ko uku, launi ya tashi daga ɗorawa zuwa ruwan lemo. Wanda ya ɗiga finolftalin zai ga launi ya ɓace a wajen mililita 12.5, rabin hanya.

Yanzu hannu, inda muke zaton gizonka ke saƙa. Ka tsaya bayan ɗalibi guda ka kalle shi daga farko har ƙarshe ba tare da ka yi magana ba. Buret, doguwar kwalba mai famfo da ke ɗigo da asid, da asid ake ɗauraye ta, fifet, bututun auna soda, da soda, ita kuwa kwalbar konikal da ake haɗa su a ciki da ruwa kawai. Ɗalibin da ya ɗauraye konikal da soda ya ƙara soda ke nan, shi ne mai 27 ko 28. Wanda ya bar ruwa a buret ya tsarma asid ɗinsa, shi ma zai haura. Wanda ya bar ruwa a fifet zai gaza. Sai kumfar iska da ke maƙalewa a ƙasan famfon buret: in ba a buɗe famfon da ƙarfi an kore ta tun farko ba, za ta fice a tsakiyar aiki a lissafa ta a matsayin asid. Mazurarin da aka manta a bakin buret yana ci gaba da ɗiga. Ɗigon ƙarshe da ke saura a bakin fifet ba a hura shi, taɓa bakin ake yi a jikin kwalba a ɗauke. Karatun buret kuma daga sama yake sauka, ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Gajerun ɗalibai su sauko da buret ɗin, kada su hau kujera. Mai 18 ɗin nan, ka tambaye shi inda ya fara. Da wuya in ba daga 7 ya fara ba, ya tsaya a 32, ya rikice wurin ɗebewa. Mai 31 ya saki famfo ne yana hira har ruwan ya yi ja.

A sa farar takarda a ƙarƙashin konikal. A yi na gwaji guda da sauri, sannan uku a tsanake, in an kusa wurin a koma ɗigo-ɗigo ana juya kwalbar. Waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 ba su ake haɗawa a raba. Kada a ja soda da baki. In ba robar ja, babban sirinji da guntun tiyo sun wadatar. Kai ma ka yi naka sau uku daga jarkar da ɗalibai za su ɗiba ka rubuta, don a jarrabawar WAEC da sakamakon malamin makaranta ake auna na ɗalibansa, ba da lissafin takarda ba.

TAMBAYA: Ina shekarar ƙarshe ta NCE, bayoloji da kemistiri. Burina in zama farfesan koyar da kimiyya, irin waɗanda ake kira su rubuta manhaja. Wace hanya zan bi, kuma shekara nawa za ta ci? (Wata ɗaliba, Kawo)

AMSA: ’Yarmu, Allah ya cika buri. Da sakamako mai kyau a NCE za ki shiga jami’a kai tsaye a aji biyu, ki yi shekara uku. Ki zaɓi digirin da ya haɗa kimiyya da koyarwa. Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashe sukutum na wannan fanni. Ki riƙe kwasa-kwasan kimiyyar da hannu biyu. Raunin da aka fi gani a masu wannan digiri shi ne su iya zancen dabarun koyarwa, amma in an ba su lissafin mol, ma’aunin yawan sinadari a kemistiri, su fara gumi, kuma ba a koyar da abin da ba a sani ba komai daɗin dabara. Ki nemi aƙalla daraja ta biyu babba, don da ita jami’o’i suka fi ɗaukar sabbin malamai. Ki rubuta jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN ki karɓi lasisin koyarwa.

Bayan hidimar ƙasa, ki shiga aji ki koyar, shekara uku zuwa biyar, a makarantar da ɗalibai suka cika aji. Wannan matakin mutane ke son tsallakewa, shi ne kuma jarin. Ki ajiye littafi guda kina rubuta kurakuran ɗalibai da kalmominsu: wanda ya ce shuka daga ƙasa take cin abincinta, wadda ta ce jinin jijiya shuɗi ne, wanda ya ce abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa. Cikin shekara uku kin tara abin binciken da zai kai ki digiri na uku.

Digiri na biyu shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne a ƙa’ida, na uku aƙalla shekara uku. Matakan jami’a kuma: mataimakin lakcara, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Tsakanin kowane biyu akwai jiran aƙalla shekara uku, da adadin maƙalu da kowace jami’a ta ƙayyade wa kanta. A matakai biyu na ƙarshe ana aika rubuce-rubucenki ga farfesoshin wasu jami’o’i su tantance a asirce. Mu yi lissafi: digiri a shekara 24, hidimar ƙasa 25, koyarwa da digiri na biyu zuwa 30, na uku a 35, to farfesa a wajen 47. Wannan in komai ya tafi daidai ne, kuma ba ya tafiya. Yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Ki sa 50 a ranki. Dokar 2012 ta kai ritayar farfesa shekara 70, saboda haka akwai sauran shekara ashirin na aiki bayan nan. In kwalejin ilimi kika samu, kamar ta Gidan Waya, tsaninta daban ne, yana ƙarewa a cif lakcara. Malaman manyan makarantun gwamnati suna iya neman tallafin ƙaro karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Ba ma ɓoye miki, ba hanyar tara dukiya ba ce.

Akwai wani rami da ɗaliban wannan fanni ke faɗawa ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki makarantu biyu, a koyar da ɗaya da sabuwar dabara, ɗaya da jawabi da alli, mako shida, a yi gwaji, sabuwar dabara ta yi nasara. Kullum ita ke nasara, kowace ce. Ruwa ba ya tsami banza: mai binciken ne da kansa ke koyar da ajin gwajin, da zumuɗinsa da kayan da ya sayo da kuɗinsa, ɗaya ajin kuma an bar shi da malamin da bai san ma ana gasa ba. In kina son naki ya yi nauyi, malaman makarantar ne za su koyar da duka ɓangarorin bayan kin horar da su. Ki ɗauki azuzuwa da yawa, ba biyu ba. Ki gwada ɗalibai kafin a fara, ki yi la’akari da bambancin da ke tsakaninsu tun asali wurin lissafi. Ki koma bayan mako huɗu ki sake gwadawa ba sanarwa, ki ga abin da ya zauna. Ki rubuta kuɗin da dabarar ta ci da mintunan da ta ɗauka, don shugaban makaranta wannan zai fara tambaya. In sakamako ya nuna ba bambanci, ki rubuta haka. Ki kuma guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda. Masu tantancewa sun san su, sukan zubar da abin da aka buga a ciki.

Ƙofar aikin manhaja kuwa ba sai kin zama farfesa take buɗewa ba. NERDC tana gayyato malaman jami’a da na kwaleji da na aji da wakilan ƙungiyoyin darussa. Ana tsara aiki, a rubuta, a ba wasu su soki abin da aka rubuta, a gyara, a gwada a zaɓaɓɓun makarantu. Waɗanda aka san aikinsu ake kira. Ki shiga STAN, wadda take nan tun 1957, ki riƙa zuwa taronta kina gabatar da abin da kika gwada a aji. Ki nemi aikin makin takardun WAEC ko NECO, ki karanta rahoton manyan masu makin na kowace shekara. Ga kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Rigachikun, nan kusa da ke, inda ake horar da masu horarwa a shirin SMASE na lissafi da kimiyya. Kaduna na cikin jihohi ukun da aka fara shi da su a 2006, tare da Neja da Filato. Farfesa Peter Okebukola ta wannan fanni ya fito, ya shugabanci STAN, ya kuma riƙe hukumar jami’o’i ta NUC daga 2001 zuwa 2006.

Ran da kika zauna a teburin rubuta manhaja, ki riƙe wannan lissafin: zango mako 12 ko 13 ne a kalanda, in an cire makon dawowa da bita da jarrabawa da hutun tsakiya, mako tara ko goma ke saura. Duk wanda ya kawo sabon babi, ki tambaye shi wanne za a cire.

TAMBAYA: In na yi bayani da Turanci yara su yi tsit, in na juya Hausa aji ya ɗauka. Amma jarrabawa da Turanci ce. Ina cutar da su ne? (Wata malama, ƙaramar sakandare, Tudun Wada)

AMSA: Malama, ba ki cutar da su ba, in kin san inda Hausar ke taimako da inda take yaudara. Muhawarar tsohuwa ce. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara duk shekara shida na firamare da Yarabanci, Turanci kuma darasi ne a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba. Matsayin gwamnati ya yi ta juyawa: a 2022 aka amince da harshen uwa har aji shida, a 2025 aka janye. Ke dai gobe da safe kina da aji.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne kalmomin da muke faɗa guda alhali kimiyya ta raba su biyu. Muna cewa man shanu ya narke a rana, gishiri ma ya narke a ruwa. A kimiyya abu biyu ne: na farko zafi ne ya mai da daskararre ruwa-ruwa, na biyu gishiri ne ya bazu cikin wani abu. Yaron da aka ce masa “narkewa” kawai zai rubuta kalmar Turanci guda a duka wuraren, ya faɗi. Maganin ba dogon bayani ba ne. Ki kawo guntun kyandir a cokali bisa wuta, da gishiri a kofin ruwa. Ki bar kyandir ya huce ya daskare, ki tambaye su ko gishirin ma zai dawo in ruwan ya huce. Sannan ki zuba ruwan gishirin a faranti a rana, jibi su ga farin gishiri. A lokacin ne za ki rubuta sunayen Turancin biyu a allo, kowanne a ƙarƙashin zanensa.

Haka “zafi”: cokalin tafasasshen ruwa da tukunyar tafasasshen ruwa ma’aunin zafi lamba ɗaya zai nuna musu, amma tukunyar ce za ta narkar da ƙanƙara mai yawa. In kin auna kika ga kusan digiri 98 maimakon 100, ma’aunin lafiyarsa ƙalau. Kaduna tana bisa tudu, wajen mita 600 daga teku. Haka “nauyi”, haka “iska”, haka “wuta”. “Ƙarfi” ya fi su duka rikici, don abu uku ko huɗu yake ɗauka a fiziks.

Tsarin da ke aiki: nuni da tattaunawa da harshen da yara suka fi ji, sunan abu da rubutun allo da aikin gida da Turanci, kuma kowane darasi ya ƙare da yara sun rubuta jimla biyu ko uku da kansu, ba kwafe ba. Ki kuma dubi ajinki. Abin da ya dace da Tudun Wada ba lalle ya dace da Sabon Tasha ko Kakuri ba, inda za ki tarar da yaran da Hausar ma a titi suka koye ta.

TAMBAYA: Ya halatta in sauya jerin darussan da aka ba ni? (Wani malami, Malali)

AMSA: A cikin zango guda, e, da sanin shugaban sashe, kuma ka rubuta a littafin aikin mako don mai duba makarantu. Ƙetare zango kuwa sai ka tabbatar ba jarrabawar bai-ɗaya za a yi ba. Dalili mai kyau na sauyawa shi ne yanayi. Gwajin goga biro a gashi ya ɗauki guntayen takarda, a Janairu da hunturu har tartsatsi za ka ji. A Yuli da laima ba abin da zai ɗauka, yara su ɗauka ƙarya kake. Tsirowar iri da zaizayar ƙasa da ƙwan kwaɗi na zango na uku ne. Abin da ba a taɓawa shi ne jerin da wani ke bisa wani: ba a taitireshan kafin mol.

TAMBAYA: Ɗalibaina 90 ne, ba ɗakin gwaji, minti 40 gare ni. Wane gwajin fiziks ne zai yiwu? (Wani malami, Kurmin Mashi)

AMSA: Malam, manufar ilimi ɗalibai 40 ta ce a babbar sakandare, amma mu yi da abin da ke gabanka. Lilo mai zare, wato fendulam, shi ya fi arha. Ka nemi a haɗa maka darasi biyu a jere sau ɗaya a mako ka samu minti 80. Ka raba su rukuni 15, mutum shida-shida. Kowane rukuni: zaren ɗinkin buhu mita ɗaya da rabi, babban noti daga wurin bakanike, ƙusa a jikin taga ko reshen bishiya, tef ɗin tela, da agogon waya. Ka ba kowa aikinsa da suna: mai riƙewa, mai aunawa, mai saki, mai ƙirga, mai agogo, mai rubutu. In ba haka ba biyu za su yi, huɗu su yi kallo.

Maimakon kowane rukuni ya yi duk tsawon, ka raba musu: santimita 40, 60, 80, 100 da 120, rukuni uku ga kowane tsawo, su auna lokacin zuwa da dawowa 20, sau biyu. Ya kamata ka ga kusan daƙiƙa 25 a santimita 40, 31 a 60, 36 a 80, 40 a 100, 44 a 120. Duka a rubuta a allo, kowa ya zana jadawalinsa daga nan, tsawo a kwance, lokacin zuwa da dawowa guda da aka ninka da kansa a tsaye. Layi miƙaƙƙe zai fito, kuma saurin faɗuwar da za a lissafo daga gangararsa ya kamata ya faɗo kusa da 9.8.

Rukunin da ya samu 38 maimakon 40 ya ce “ɗaya” ne a lokacin saki, ya ƙirga 19. A fara da “sifili”. Wanda ya samu 20 rabin tafiya yake ƙirgawa. Tsawo daga inda zare ya kama har tsakiyar notin ake auna shi, ba samansa ba. Kada a ja notin gefe fiye da faɗin tafin hannu a zaren mita guda, kada a tura shi, saki kawai. In ya fara zagaye maimakon kai da komo, a tsayar a sake. A kashe fanka, kuma in iskar hunturu ta taso a koma cikin aji. Rukunin da ya gama da wuri, ka ba shi noti na biyu ya ɗaura kusa da na farko ba tare da tsawon ya canza ba, amma kowa ya fara rubuta hasashensa kafin a saki.